Amsa: wane littafin kimiyya na Kirista ya dace da ɗan aji bakwai?

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Kin ce ɗanki zai shiga aji bakwai, a gida kike koyar da shi, kuma kin rasa na ɗauka tsakanin littattafan kamfanonin Apologia, Abeka da BJU Press. Ni ma a nan Amurka nake, yara biyu na raka suka wuce wannan matakin.

Kafin maganar kuɗi, wa zai zauna da yaron? Abeka da BJU Press asali don ajin makarantar Kirista aka tsara su, akwai littafin malami da jarrabawa a kai a kai, da darussan bidiyo ga uwar da aiki ya yi wa yawa. Apologia kuwa kamar hira take yi da yaro, an rubuta ta ne don ya karanta da kansa. Babbar 'yata ta ji daɗin haka sosai. Ƙaninta kam, shafi biyu sai hamma, sai an ba shi abin taɓawa da hannu hankalinsa ke dawowa.

Inda na fi so ki tsaya shi ne batun shekarun duniya. Duk ukun nan suna karanta labarin halitta na Littafin Farawa a kan kwana shida na zahiri, wato duniya ba ta wuce 'yan dubban shekaru ba. Kamfanin Novare, wanda shi ma na Kirista ne, ya yarda da lissafin masana na kusan shekara biliyan 4.5. Ko a cocinmu ba baki ɗaya muke a kan wannan ba, don haka ki zauna da maigida ku yanke tun kafin ki biya. Ko wanne kuka zaɓa, ki tabbata yaron ya iya bayyana abin da masana ke faɗa game da juyin halitta, domin a jami'a zai tarar da shi. Ni na makara da wannan, sai da 'yata ta dawo da tambayoyin da suka sa na yi zuru.

Gwaje-gwaje kuma kada ki tsallake su. Yawancinsu da kayan kicin ake yi, binega, bakar hoda (baking powder), balan-balan. Ki haɗa kayan zangon gaba ɗaya a kwali ɗaya, in ba haka ba kullum "gobe" za ki riƙa cewa.

Ki kuma duba dokar jiharku: Teksas ba ta neman rahoton karatun gida, amma Niyok tana so a miƙa shi sau huɗu a shekara. Ki sauke babin gwaji na kyauta daga shafukansu, ki ba yaron ya karanta da ƙarfi a gabanki kafin ki saya.