Tambayoyi da Amsoshi: Idan Furosesa Ta Yi Zafi Bayan An Ƙara Mata Gudu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da kwamfutar tebur mai furosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) Intel Core i5-12600K a kan babban allo (motherboard) samfurin Z690, da ita nake tace bidiyon bukukuwa. Na kwafi saitin wani Bature a YouTube, na ɗaga gudunta zuwa 5.1 GHz, ƙarfin wutar kuma na sa volt 1.35. Tasa ba ta wuce digiri 80 ba, tawa kuwa tana kai 98 da zarar na fara fitar da bidiyo. Ina na yi kuskure? Daga wani mai karatu a Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka zargi wanda ya sayar maka da kaya, fara duba ɗakin da kake zaune. Na'urar sanyaya furosesa, ta iska ce ko ta ruwa, kwashe zafi kawai take yi ta zuba shi cikin iskar ɗaki, saboda haka idan zafin ɗakin ya ƙaru da digiri 10, kusan haka na furosesar ma zai ƙaru. Masu irin wannan gwaji galibi a ɗaki mai digiri 20 da 'yan kai suke yin sa, kai kuwa a Sakkwato cikin watan Afrilu zafin tsakar rana yakan haura 40, kuma ɗaki mai rufin kwano ba ya rage maka komai. Mafi yawan ratar da ke tsakaninka da Baturen nan, bazara ce ta kawo ta.

Sauran laifin na wutar da ka sa ne. Ƙarin gudu yana kawo ƙarin zafi daidai gwargwado, amma ƙarfin wuta riɓanya shi da kansa ake yi a lissafin, don haka tashi daga 1.25 zuwa 1.35, wanda a ido bai taka kara ya karya ba, yana ƙara zafin da ake fitarwa da kusan kashi 17 cikin 100 tun ba a taɓa gudun ba. Ga shi kuma furosesa biyu masu lamba ɗaya ba sa zama ɗaya. Wata za ta tsaya daram da wuta kaɗan, wata sai an ƙara mata, shi ya sa ba a aron saitin wani.

Iyakar da Intel ya sa wa taka digiri 100 ce, kuma da ta kai can za ta rage gudunta da kanta don kada ta lalace, wato ta yiwu gudun da ka wahala ka ƙara yana zubewa a tsakiyar aiki ba ka sani ba. Ka shiga BIOS, wato shafin saitin babban allon, ka mayar da komai yadda ya zo daga kamfani, ka buɗe manhajar HWiNFO mai nuna zafi, ka kunna manhajar Cinebench mai ɗora wa furosesa aiki mai nauyi na minti 10, ka rubuta zafin da ka gani. Idan a haka ma ta haura 85, to matsalar ta sanyaya ce, sai a kwance a duba. An taɓa kawo mini wata kwamfuta sabuwa fil da ke kashe kanta, da na ɗaga ƙarfen sanyayan sai ga siririyar ledar da ake manna wa gindinsa tana nan ba a ɓare ba, an shafa man da ke kai zafi daga furosesa zuwa ƙarfen a kanta an ɗaure. Ka goge tsohon man, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka ɗaure kusoshin huɗu a hankali, wannan kusurwa sannan mai kallonta.

Idan zafin ya yi daidai, ka koma 4.9 GHz, ka riƙa rage wutar da 0.01 kana gwadawa da manhajar gwaji OCCT ko Prime95 na kamar awa 1, har ka kai inda ta fara tsayawa ko nuna shuɗin allon da ke fitowa idan kwamfuta ta samu matsala, sai ka ɗan ƙara kaɗan ka bar ta nan. Gwajin kuma da ƙarfe 2 na rana za ka yi shi, ba da asuba ba. Ni dai ba na barin tawa ta wuce 85 a irin wannan lokaci. Bambancin 4.9 da 5.1 bai wuce kashi 4 cikin 100 ba, wato minti 2 da ɗoriya a aikin awa guda, kuma ban ga wannan ya kai a sayar da lafiyar furosesa a kansa ba. A 2024 Intel da kansa ya amsa cewa yawan wuta ne ya riƙa raunana wasu furosesocinsa na zubi na 13 da na 14, kuma wadda ta riga ta raunana ba ta dawowa. Taka ba ta cikinsu, amma wuta mai yawa haka take yi wa kowacce, garantin kamfani kuma ba ya ɗaukar ɓarnar da ƙarin gudu ya jawo.

Tambaya: Malam, idan na sayi na'urar sanyaya ta ruwa, matsalar zafi ta ƙare ke nan? Daga Maraɗi.

Amsa: Ba ta ƙare ba, ɗan'uwa. Ruwan ɗaukar zafin yake yi ya kai shi lagireto, kamar dai na mota, a can fankoki su hura shi waje da iskar ɗakin nan dai. Mai lagireto milimita 360 takan fi yawancin na iska, amma babbar ta iska irin Noctua NH-D15 tana gogayya da masu milimita 240, kuma ba ta da famfon da zai mutu wata rana ba sallama. Kowacce ka zaɓa, ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabarka, domin takan taru a tsakanin siraran ƙarafan ta yi kauri kamar audugar katifa, har iska ta kasa ratsawa. Ka ɗaga akwatin kwamfutar daga ƙasa, ka sa fankokin gaba su ja iska ta cikin raga, na baya da na sama su fitar, ka kuma hure ƙurar duk wata a lokacin hazo, kana riƙe da fankar da yatsa don kada iskar ta juya ta fiye da kima.

Tambaya: Ban taɓa saitin komai ba, amma furosesata Ryzen 7 7700X tana kai digiri 95 a aiki mai nauyi. Ta lalace ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Lafiyarta ƙalau, Malama. Kamfanin AMD ya gina wannan zubin ne ya riƙa ƙara gudu da kansa har sai ya taɓo 95, sannan ya tsaya a nan. Idan ƙarar fanka ta dame ki, ki buɗe manhajar Ryzen Master ki kunna Eco Mode, wanda zai sauke ta daga ajin wat 105 zuwa na 65; zafin zai faɗi sosai, gudun da za ki rasa kuma kaɗan ne.