Amsa ga 'yar uwar da likita ya ce mata "stitch" ne

Wallahi 'yar uwa, da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi. Kin ce kina jin suka a ƙarƙashin haƙarƙari, likita a nan Ingila ya ce "stitch" ne, alhali ba a taɓa yi miki ɗinki ba. Kalmar ce mai harshen damo. A tsohon Turanci, wajen shekara 1000 da suka wuce, "stice" ake cewa, ma'anarta suka, kamar a caka wa mutum tsinke, kuma danginsu ɗaya da "stick" na Turanci da "Stich" na Jamusanci. Ɗinki daga baya ya shigo cikinta, wajen ƙarshen ƙarni na 13, tunda ita ma allura suka take yi. Har wanda dariya ta ƙulle wa ciki cewa suke yana "in stitches". Abin da likitan yake nufi shi ne sukar nan da ke kama mai gudu, musamman in ya cika ciki da abinci ko lemo, ya tsaya ya huta ta sake shi.

To amma ni da wannan kalmar aka cuce ni. Ina duƙe riƙe da kwiɓi, gumi har cikin hijabi, wata ma'aikaciyar asibiti ko ɗago kai ba ta yi daga kwamfuta ba, ta ce "stitch" ne, in je in sha ruwa. Na ce mata Malama, ni ba gudu na yi ba, daga barci ciwon ya tashe ni! Ta yi wani murmushi, irin na ga baƙuwa ba ta jin Turanci. Har yau in na tuna murmushin nan raina ɓaci yake. A bakin ƙofarsu na yi amai, ga yarinya goye, babana yana ta kira daga gida na kasa ɗauka. Ashe tsakuwar ƙoda ce, sai da aka yi hoto aka gani.

Don Allah ki lura da naki. In kina zaune ma yana zuwa, ko da zazzaɓi, ko amai, ko fitsari ya canza kala, ki koma, kar ki ji kunyar kowa. Ki nemi tafinta, suna bayarwa kyauta. Kuma kar ki tafi ke kaɗai, ki ja wata cikin matan unguwa mai baki. Ki faɗa musu daidai inda yake sukarki da lokacin da ya fara. Wane gari kike ne ma?