Amsoshin tambayoyinku: gwajin jini da zaɓen abokin aure

Tambaya: Anti, akwai manhajojin neman aure na ƙasashen waje da ke cewa a aika musu da yawu, su duba ƙwayoyin halittar mutum su zaɓa masa wadda jininsu zai haɗu. In biya? (Saurayi daga Kaduna)

Kada ka biya, ɗana. Tushen kasuwar wani bincike ne da masanin kimiyya Claus Wedekind ya yi a Suwizalan a 1995. Mata suka shinshina rigunan da maza suka kwana da su, aka ga sun fi son warin mazan da ƙwayoyin garkuwar jikinsu suka bambanta da nasu. Binciken da ya biyo baya bai tsaya kan magana ɗaya ba. Pheramor, wata manhaja ta Amurka da aka gina a kan wannan, ta rufe a 2019. Yawu ba ya nuna haƙuri ko riƙon amana. Za ka kashe dala, ka kuma miƙa sirrin jikinka ga kamfanin da ba ka san inda zai kai shi ba.

Tambaya: Wai rukunin jini yana nuna halin mutum? (Wani daga Maraɗi)

Ba ya nunawa. Camfi ne da ya yaɗu a Japan, kada ka ɓata lokacinka.

Tambaya: Mun haɗu a Facebook, har ana shirin kawo kuɗin gaisuwa. Ni AS ce a gwajin jinotayif (genotype), wato ina ɗauke da ƙwayar sikila amma ba ni da cutar. Ya turo min hoton takardar gwaji ta WhatsApp wai shi AA ne, wato ba ya ɗauke da ƙwayar. Hankalina bai kwanta ba, amma ina jin nauyin in ce a sake. (Budurwa daga Kano)

'Yata, kin yi daidai da kika damu, Allah ya yi miki albarka. Hoton waya ba shaida ba ne. Takardun bogi sun yi yawa: wani ya sayi tasa, wani ya ari ta abokinsa a canza suna, wani kuma ɗan ƙaramin ɗakin gwaji ne ya ba shi sakamakon kuskure saboda neman araha. Iyaye su zuba miliyoyi a lefe da kayan ɗaki, amma kuɗin gwaji mai inganci ne ake yi wa ciniki! Wannan abu yana ƙona min rai.

Idan AS ta auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Kowane ciki, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba. Ana iya jera uku masu ita. AS da AC (mai ɗauke da wata ƙwayar daban da ake kira C) ma haka, ana iya haifar SC, wani nau'in sikila. Wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaro yana kukan ciwon ƙashi ba zai ɗauki wannan da wasa ba.

Ku je tare babban asibitin gwamnati, a ɗebi jininku a gabanki, ki karɓi sakamakon da hannunki. In kunya ta hana ki, waliyyinki ya yi maganar. Tun 2024 dokar jihar Kano ta wajabta gwajin kafin a ɗaura aure, har da na ƙanjamau da ciwon hanta. A yi shi yanzu, kafin a sa rana. Idan ya ƙi zuwa, ki sanar da iyayenki a dakatar da kuɗin gaisuwar.