Hannuna ya gaza, zan iya aikin kwamfuta da murya kawai?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina aikin buga rahotanni da amsa imel daga gida, yanzu wuyan hannuna na dama yana min zogi sosai, da daddare babban yatsa da manuni su mutu kamar ana tsira min allura. Na ji ance akwai yadda ake sarrafa kwamfuta da baki ba sai an taɓa ba, gaskiya ne? Wallahi tsoro nake kar in rasa aikina, da shi nake riƙe gida.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Eh gaskiya ne, ana yi, kuma akwai mutane da yawa da ke ci gaba da aikinsu a haka. Amma kafin mu je kan kwamfuta bari in tsaya kan hannun, don abin da kika faɗa na mutuwar babban yatsa da manuni cikin dare ya yi kama da matsewar wata jijiya da ke bi ta wata 'yar ƙaramar hanya a wuyan hannu, in wurin ya kumbura saboda maimaita motsi iri ɗaya sai ta matsu. Ki je a duba ki, akwai gwajin jijiya da ake yi, kuma a auna miki suga, don ciwon suga da juna biyu da matsalar makoshi ta tayiroid duk suna iya jawo shi. Sau da yawa ana farawa da wani madauri mai tauri na wuyan hannu da ake sakawa lokacin barci don kar wuyan hannun ya lanƙwashe. In kin fara yar da kofi ko kin ga naman gindin babban yatsa yana ramewa, kar ki jira ko sati ɗaya.

To sai kwamfutar. In Windows 11 gare ki, akwai Voice Access a ciki kyauta, manhajar sarrafa kwamfuta da murya ce, ba sai kin sayi komai ba, kuma da zarar ya sauke fayil ɗinsa yana aiki ko babu intanet. In Mac ce, irinsa mai suna Voice Control yana nan tun 2019. Akwai Dragon wanda ya daɗe tun 1997 amma na kuɗi ne, ni ban ga dalilin da za ki fara da shi ba. Masu rubuta manhaja kuma Talon suka fi amfani da shi, ke ba ki buƙatarsa yanzu.

Abin da mutane ba sa ganewa sai sun fara shi ne, rubutun ba shi ne wahalar ba, maus ne. Faɗar magana a rubuta ta abu ne mai sauƙi, amma danna nan, ja can, buɗe wancan, nan ne hannu ke komawa aiki ba ki ma sani ba. Dan haka ki fara koyon umarnin da ke sa lambobi su fito a kan duk abin da ake dannawa a sikirin, sai ki kira lambar kawai ya danna miki, da wanda ke raba sikirin gida-gida ki kira lambar gidan da kike so a danna. Akwai kuma feda ta ƙafa da ake jonawa ta USB tana yin aikin dannawa, wannan ina sonta sosai ga masu irin ciwonki.

Umarnin da Turanci za ki riƙa ba kwamfutar, kuma satin farko zai ba ki haushi, za ki ga aikin minti 10 yana cin rabin awa, kar ki karaya, haka kowa ke farawa. In Hausa za ki rubuta, Gboard, madannin rubutu na Google a waya, ya fara karɓar Hausa ta murya tun 2024, sai ki faɗa a wayar ki tura kwamfuta ki gyara, dan yana yin kuskure musamman wajen sunaye. Ki nemi iyafis mai makirfo kusa da baki, saboda ƙarar fanka da janareta da hayaniyar yara suna rikita shi fiye da yadda kike zato, makirfon jikin laftof ba zai wadatar ba.

Sai abin da ya fi damuna, wanda nake so ki riƙe da kyau: murya ma tana gajiya kamar hannu. Wanda ya wuni yana magana da na'ura cikin sauti ɗaya, yana ɗaga murya duk lokacin da ba ta gane ba, zai iya tashi da dashewar murya da ciwon makogwaro, kin ga an gudu ba a tsira ba kenan. Ki yi magana yadda kike hira, kar ki yi raɗa don raɗa ma tana wahalar da makogwaro, ruwa ya kasance kusa da ke, kuma duk bayan minti 20 zuwa 30 ki yi shiru ki miƙe ki ɗan zaga. Ki raba aikin, dogon rubutu da baki, 'yan gyare-gyare da hannu in zogin ya lafa.

Wayar ma ki rage latsa ta da babban yatsa, da matse wanki da daka, in akwai mai taimaka miki a gida ya karɓe su na ɗan lokaci. Kuma dan Allah ki faɗa wa shugabanki na aiki tun yanzu da takardar asibiti a hannu, ki nemi a ɗan sassauta miki lokacin miƙa aiki na 'yan makonni kafin bakinki ya saba.