Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu Turkiyya

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka samu gurbin Türkiye Bursları, wato tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, kana tambaya ko Turanci zai wadatar da kai, me ake ci, kuma ko Kawu zai iya sauka wurinka idan ya zo sarin kaya.

Turanci ba zai kai ka ko'ina ba. Direban bas, mai kanti, ma'aikacin da zai karɓi takardunka na izinin zama, duk da Turkanci za su yi maka magana. Shi ya sa shekarar farko ta koyon harshe ce a TÖMER, cibiyar da Jami'ar Ankara ta fara buɗewa a 1984, yanzu kuma jami'o'i da yawa suna da tasu. Daga matakin A1, na ɗan koyo, ake farawa, ana son ka kai C1, matakin ƙwarewa, kafin ka shiga sashenka. Rubutun ba zai ba ka wahala ba, tun 1928 suka koma haruffan boko. Wahalar tana ga ginin jimla: aikatau a ƙarshe yake zuwa, kalma ɗaya kuma sai a yi ta liƙa mata ɗafe-ɗafe har ta ɗauki abin da mu za mu faɗa da kalmomi biyar. Kada ka tare a ɗakin 'yan gida kuna hirar Kano har asuba. Masu yin haka su ne ke maimaita mataki.

Abinci kam halal ne kusan ko'ina, wannan ka huta. Sai dai karin kumallo zaitun ne da cuku da tumatir da burodi, ga shayi baƙi a ɗan ƙaramin kofin gilashi, babu madara. Miyar adas (wani ɗan ƙaramin wake) da bulgur (ɓarzajjiyar alkama) za su zama abokanka, ko kana so ko ba ka so. Ka zo da yaji, kuka, daddawa da busasshiyar kuɓewa. Garin alkamar da suke kira irmik yana yin tuwo mai kyau. Manja da doya akwai su a shagunan 'yan Afirka na unguwar Aksaray a Istanbul, amma kuɗinsu sai ka dafe ƙirji.

Batun Kawu fa, a nan nake so ka buɗe kunne. Ɗakin kwanan ɗalibai ba a kwana da baƙo a cikinsa, ko mahaifinka ne. Ka faɗa masa tun yanzu, cikin ladabi, ya kama otal a unguwar Laleli ta Istanbul, inda dama can kasuwar tufafin take. Zai so ka zama tafintansa daga safe har dare, kuma ba ya ganin laifin haka. To amma ana kiran suna a aji kullum, fashi in ya yi yawa matakin ya tafi. Ka ba shi yammaci da Asabar da Lahadi, ka raka shi Masallacin Sultanahmet, ku ci kifi a bakin ruwa a Eminönü. Safiya kuwa ta aji ce, ka gaya masa haka kafin ya yanki tikiti.