Kada ku ci tarar kowa, ku taka zuwa ofisoshinsu

Malam, ka ce an zaɓe ka sakataren reshen ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, a jami'arku, kuma in kun kira taro kujeru kawai kuke gani, sai fa in maganar alawus ce ko yajin aiki. Kana tambaya ko ku fara cin tarar marasa zuwa. Don Allah kada ku fara.

Na taɓa riƙe wannan kujera. Da farko ni ma sanarwa nake zubawa a WhatsApp, in ga kowa ya karanta, ranar taro in zauna ni da shugaba muna kallon ƙofa. Wani dattijo a sashen lissafi ne ya tambaye ni ko na san sunan 'ya'yan mutum goma cikin waɗanda nake kira. Ko uku ban sani ba.

Daga nan muka raba tsangayoyi a tsakaninmu, kowa ya riƙa shiga ofis-ofis. Ba wa'azi za ka je yi ba, tambaya za ka yi ka kama bakinka. Wani ƙarin girmansa ya maƙale shekaru, wata ɗalibai sun fi ƙarfin ajinta, wani kuwa haushin reshen yake ji don babu wanda ya je masa ta'aziyya da mahaifiyarsa ta rasu. A kowane sashe ka nemo wanda ake jin maganarsa, kuma yawanci ba shi ne mai yawan surutu a taro ba. In ya tashi, mutum biyar za su biyo shi.

Amfanin wannan mun gan shi a 2022. Daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba ana yajin aiki, gwamnati ta riƙe albashi, ga CONUA, kishiyar ƙungiyar malamai da ta ɓalle daga ASUU, an yi mata rajista a Oktoban. Abin da ya riƙe mutanenmu shi ne mun san wanda kuɗin haya ya taso wa, mun san gidan da za a kai buhun shinkafa da dare ba tare da an kunyata maigidan ba.

Sai tsari. A 1992, lokacin da Attahiru Jega ke shugabancin ASUU, ƙungiyar ba kuka kaɗai ta kai wa gwamnati ba, ta je da shawarar inda kuɗin zai fito: harajin kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni. Shi ya haifi asusun ilimi a 1993, wanda ya zama TETFund a 2011. Ku ma ku zaɓi matsala ɗaya da za ku iya cin nasara a kanta kafin ƙarshen zango, ku san wanda alƙalaminsa zai warware ta.

'Yan SSANU da NASU, ƙungiyoyin ma'aikatan jami'a da ba malamai ba, su ma ku gaishe su tun yanzu. Mu sai da muka buƙace su muka tuna da su, suka kuwa gaya mana haka a fuska.