Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaya kan tsuntsayen da ya ɗauka hoto a dausayin Baturiya, jihar Jigawa

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga hoton da ka sa na garken nan a bakin gonar shinkafa, kana tambaya wai manyan da ƙananan iri biyu ne, kuma in dai ruff ne (tsuntsun bakin ruwan nan da ke zuwa mana da hunturu daga Turai da Saiberiya) kamar yadda aka ce maka me ya sa babu mai gezar nan a wuya irin ta hotunan intanet. To iri ɗaya ne, ruff ne dukkansu, manyan maza ƙananan mata. Nima shekarata ta farko a dausayin Dagona a jihar Yobe haka na yi ta rubuta su a matsayin tsuntsaye biyu har sai da wani dattijo mai kwalekwale ya ce min ai tare suke zuwa tare suke kiwo, na koma na zauna na ƙura musu ido da kyau.

Gaskiya a wajenmu girma shi ne babbar alama. Namiji tsawonsa kamar santimita 29 zuwa 32, mace 22 zuwa 26, nauyi kuma shi wajen giram 180 ita wajen 110, saboda haka in suna tsaye kusa da juna ba sai ka wahala ba. Matsalar in ka samu guda ɗaya shi kaɗai, nan kam ni bana yanke hukunci, sai in rubuta ruff kawai in wuce. Kuma kar ka yi mamaki in ka ƙirga ka ga mata sun fi yawa, mazan da dama basa sauko wa nesa haka, wasu a Turai ma suke cinye sanyinsu, sannan waɗanda suka zo ɗin su ke riga tafiya.

Don Allah kar ka dogara da launin ƙafa, wallahi shi ya fi ɓatar da mutane, wani ruwan lemo wani rawaya-rawaya wani kore mai duhu, duk a garke ɗaya. Siffar jiki zaka duba, ƙaramin kai, wuya mai ɗan tsawo, ga tumbi, baki ba dogo ba ya ɗan lanƙwasa ƙasa kaɗan, in yana kiwo iska ta buso zaka ga gashin bayansa na ɗagawa kamar ba a manne yake ba. In ya tashi ka dubi gindin jela, fari ne gefe da gefe da baƙin layi a tsakiya. Kuma kusan baya kuka, in tsuntsu ya tashi yana ihu to ka sake dubawa.

Ita geza kuwa kayan barbara ce, a watan Mayu da Yuni take cika, lokacin sun riga sun koma arewacin Turai da Saiberiya. Can ne mazan ke taruwa a dandali, geza a buɗe, tukku biyu a ka, fuska da ƙuraje, da wuya ka samu biyu masu ado iri ɗaya. Mafi yawansu masu geza baƙa ko ja ne, kowa da ɗan filinsa yana karewa, sai masu farar geza da basu da fili suna raɓe a na wasu, sai kuma na uku wanda ba a bayyana shi ba sai 2006, baya yin geza sam, kama yake da mace sai dai ya ɗan fi ta girma, kusan ɗaya cikin ɗari ne. Shi ya sa ko batun girman ma nake cewa a bi a hankali da masu matsakaicin jiki.

Abinda zaka iya samu a nan shi ne namiji mai farin kai da wuya ko a tsakiyar hunturu, ina ganin irinsa jefi-jefi a wajen Nguru, wannan namiji ne ba shakka. Daga Maris kuma waɗanda suka rage zasu fara fitar da ɗigon baƙi a ƙirji da gefen ciki. In zaka koma ka je da sassafe kafin ƙurar hunturu ta rufe gari, ka sa rana a bayanka, ka nemi inda ciyawar kachala bata cinye ba ruwa ya ja baya ya bar taɓo, ka ɗauko mana su a jere guda biyu ko uku a hoto ɗaya sai mu ƙirga tare.